Hannun Da Ya Kawo Ta

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga mahaifinki Garba Samkari mai liƙin gwangwani, a unguwar Misfala, Makka, zuwa ga Uwani.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Jidda lafiya, ke da maigidanki Malam Isa. Allah Ya tsare ku a hanya, Ya tsare ku a masauki, Ya kuma tsare marainiyar nan da kuke jira, duk inda take a ƙetaren ruwa. Amin.

Bayan haka, kin san ni da ke ba ma doguwar magana. Ke ce ta fari, ke ce ta ƙarshe, ga shi sunan mahaifiyata gare ki, ko kama shi ban taɓa yi da bakina ba. Shekara ashirin da huɗu hirarmu ba ta wuce "an tashi lafiya" da "a kawo ruwa" ba. Shi ya sa na cusa takardar cikin ƙullin kayanki, ban ba ki hannu da hannu ba. Na san Larabci ya fi miki sauƙi, amma Larabcina na ciniki ne, ba zai ɗauki irin wannan magana ba. Baƙaƙen nan ni na koya miki su a kan murfin garwa, da ɗan bokon da na yi a Kano kafin in taso. Inda ya shige miki duhu, Malam Isa ya karanta miki. Ba abin da zan ɓoye masa.

Shekaranjiya da kika zo sallama, kina tsakar gida da maƙwabciyarmu Hajiya Kande, ni ina ɗaki ina gyaran fitila. Na ji kina ba ta labarin da duk mun sani: ƙanwar Malam Isa ta rasu a Kano ta bar 'yarta Hauwa ba a daɗe da yaye ta ba, dangi suka ce a kawo muku riƙo tunda shekara tara Allah bai ba ku ba, aka damƙa ta a hannun wata mata mai suna Dije da ke tahowa aikin hajji ta ƙasa. Shekara biyu da rabi ke nan suna hanya, yanzu an ce suna Bur Sudan, bakin teku, suna jiran takardu da jirgin ruwa. Sai Hajiya Kande ta ce, "To ita wadda ta goyo ta fa, ya za ku yi da ita?" Kika ce, "Halas, shi ke nan, aikinta ya ƙare. A ba ta zane da goron godiya ta kama gabanta. Ba na son yarinya ta tashi da uwa biyu."

Na ajiye fitilar. Muryarki ce, amma maganar tawa ce. Ni na faɗe ta shekara ashirin da suka wuce, har yau ban gama biyan ta da raina ba. Na gaji, Uwani. Idona ya yi rauni, dalma ta cinye mini yatsu, ba ni da ƙarfin doguwar takarda. Amma in ban rubuta ba, za ki je bakin ruwan nan ki tsaya inda na tsaya.

Kin san na shigo garin nan da wando ɗaya. Garwa biyu da sanda a kafaɗa, da su na fara, ina kai ruwa gidaje masu hawa huɗu har fatar kafaɗata ta mutu. Daga nan na tsuguna wajen wani tsoho mai liƙin gwangwani ina kallon hannunsa, ba wanda ya koya mini, na koya. Yau duk alhajin da ya sayi gwangwanin zamzam a layinmu ya kai shi har gida bai ɗiga ba, nawa ne. Ba na faɗin wannan don taƙama. To, ko ma don taƙamar ne, ita ce ta kai ni inda zan gaya miki.

Shekara huɗu da aurenmu da marigayiya uwarki, shiru. A kasuwar nan kuwa kin san da sunan ɗa ake kiran mutum. Akwai wani Balarabe Bahadrame mai sayar da shinkafa a gefen shagona, kullum da safe sai ya ɗaga murya, "Sabahal hair, ya Abu Tanaka!" wato uban gwangwani. Mutane su yi dariya, ni ma in yi ta dole. Sai na aika wa yayata Asabe takarda a Kano ta hannun wani alhaji mai komawa, ina roƙon ɗa na riƙo. Bayan shekara amsa ta zo: ta ba ni ɗanta Salihu, an yaye shi, ya taso tare da wata maƙwabciyarta bazawara mai suna Tabawa, ita da wanta da ayarinsu.

Ranar ban yi liƙi ko ɗaya ba. Shago shago na bi da takardar ina karanta wa mutanen da ko Hausa ba sa ji. Na ce daga yau Abu Salihu. Sunan kuwa ya kama. Abin da ban lissafa ba shi ne, sunan ya iso, mai sunan bai iso ba. Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa. Bahadramen ya canza waƙa: "Ya Abu Salih, ina Salih? Kunkuru ya hau?" Da can sau ɗaya ake tsokanata a rana, yanzu duk wanda ya kira sunana ya tsokane ni, ko bai yi niyya ba. Na mai da jiran abin nuna wa kasuwa, sai ya zama ba yaron nake jira ba, ranar da zan rufe bakin mutane nake jira.

Ke ma na ga kin fara. Rabin matan Misfala sun san launin zanen da kika saya wa Hauwa. A Jidda ba wanda ya san ki, ki bar shi haka. Wanda ya tambaya, ki ce maigida ne ya samu aiki. Jira yana da nauyi shi kaɗai, kada ki ɗora masa idon mutane.

Duk shekara in jiragen alhazai suka fara sauka, lokacin da mai sana'ata ya kamata ya manne a shago, sai in rufe in tafi Jidda. In tsaya a rana ina tarar duk wanda na ji yana Hausa: "Daga ina? Ba ku ga wata Tabawa da yaro ba?" Wani ya ce ya gan su a Fallomi. Wani ya ce a'a, a Madani ta Sudan ya bar su suna tsinkar auduga. Wani ya ce ai ya ji ta mutu. Wani kuma ya ce mini sun taho tare, don kawai in saya masa abinci. In dawo in zube wa uwarki duk wannan, ita ma ta kasa cin tuwo.

A shekara ta uku ta jiran Salihu, Allah Ya ba mu cikinki. Watanki ya kama daidai da saukar jirage. Uwarki ta ce, "Malam, bana ka zauna." Na ce in suka sauka babu ni fa? Na tafi. Aka haife ki, aka yi suna, maƙwabta suka yanka rago a madadina. Na dawo bayan kwana goma sha ɗaya, na shiga ɗaki, tana zaune tana riƙe da ke. Kin san abin da ya fara fita daga bakina? "Ba su zo ba."

Sai a ciwon ajalinta, ina zaune gefenta, ta ce, "Malam, na yafe maka komai. Amma 'ba su zo ba' ɗin nan, sai da na yi da gaske."

Don haka ki dubi wanda ke cikin ɗaki. Malam Isa ya bar teburin ɗinkinsa da masu kawo masa aiki, ya bi ki Jidda ya zama yaron shagon wani, bai yi ƙorafi ba. 'Yar ƙanwarsa ce, shi ma jiran yake, ga mutuwar ƙanwar a ransa. Kada ya dawo daga aiki ya tarar ba a hura wuta ba don kina bakin ruwa. Kada kullum ki tare shi da "ba su zo ba." Jirgi ba ya saurin zuwa don an tsaya ana kallon teku. Na gwada, shekara bakwai.

Tun zuwan takardar Yaya Asabe na ƙera wani ɗan moɗa, ƙarami, daidai hannun yaron da aka yaye. Na nannaɗe bakinsa don kada ya yanke shi. Uwarki kuma ta ɗinka 'yar riga. A shekara ta bakwai wani ya rantse mini ya bar su a Sawakin, bakin tekun Sudan, jirgi na gaba za su shigo. Na ɗauki moɗan da rigar. Uwarki ta ce, "Malam, rigar nan ko Uwani ta yi wa kaɗan." Ban ji ba. Da za a ce in yi lissafi, na san shekararsa tara, ai na yi boko. Amma idona bai yi boko ba. Da ƙananan jiragen suka fara sauke mutane daga karantina, inda ake killace alhazai saboda cuta, bayan mata nake dubawa, ina neman goyo.

Sau uku ina wuce su. Wani dogon yaro ne siriri, ƙafa duk faso, da ƙulli a ka, ya riƙo hannun wata mata da idanunta suka yi ja suna ruwa. Sai da na gaji na ɗaga murya, "Jama'a, wa ya san Tabawa daga Kano?" Matar ta juyo da kunnenta wajena, ta ce, "Wannan muryar Asabe ce a bakin namiji. Kai ne ƙanen Asabe?"

Ga ni da sabuwar riga, ga mutane biyu daga kasuwarmu da suka biyo ni su ga Salihun nan da idonsu. Na ce, "Ni ne Mu'allim Garba."

Ta ce, "To, ƙanen Asabe, alhamdu lillahi. Ga amanarku." Amma ba ta saki hannunsa ba.

Yaron ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Inna, wane ne?"

Ta ce, "Babanka ne da nake gaya maka. Durƙusa." Ya durƙusa ya gaishe ni, Hausarsa duk ta cakuɗe da Larabcin Sudan. Na ɓoye moɗan a aljihu.

Ki shirya wa wannan. Hauwar da ke cikin kanki 'yar shekara biyu ce, wadda za ta sauko daga jirgi ta kusa biyar. Tana da bakinta, tana da abin da take so da wanda ba ta so, tana da waɗanda ta sani, ke ba kya cikinsu. Ba za ta rugo ta rungume ki ba. Wataƙila ta ɓuya a bayan zanen Dije. In haka ta faru ba ƙinki take ba, ba ta san ki ba ne, kuma ba laifin kowa ba ne sai nisan hanya.

Yanzu ga babban, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami.

Tabawa ta tsuguna nan bakin ruwa ta fara yi mini bayani. "Ba ya cin kifi, jikinsa tashi yake. In zazzaɓi ya kama shi ba ya faɗa, sai dai ka ga ya daina magana. Ba a yi masa tsawa daga baya, tun ranar da..." Na katse ta. Na ce, "Ya isa, Iya. Ɗana ne, zan san shi." Na miƙa mata turmin zane da gwangwanin zamzam ɗaya na liƙin hannuna, a gaban mutane, yadda ake sallamar ɗan dako. Na ce, "Mun gode, kin sauke nauyi." Na kama wuyan hannunsa.

Ta ce, "Ka bari in raka shi ya ga ɗakinsa, ko kwana biyu ne."

Na ce, "Wurin mutum biyu na kama a mota."

Da ya yi kuka da ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Ya zare hannunsa a hankali, ya sauke ƙullin daga kansa ya ajiye a gabanta, ya ƙara ɗaure bakinsa, ya kama hannunta ya ɗora a gefe ɗaya ya ce, "Inna, maganin idonki yana nan ɓangaren." Sannan ya miƙo mini hannun da kansa.

A Bahra, rabin hanya, motar ta tsaya. Na ce bari in nuna wa yaro ya zo gidan wadata. Na saya masa soyayyen kifi. Ya dubi kifin, ya dube ni, ya cinye don kunya. Kafin mu shiga Makka idanunsa sun rufe don kumburi. Haka na shiga da shi Misfala, ɗan da na yi shekara bakwai ina cika baki a kansa. Ta gaya mini da bakinta, awa uku kafin nan. Ban ji ba, don a lokacin ina kallon mutanen kasuwa ne, ina son su ga ba na karɓar darasi daga wata tsohuwa mai tsumma.

Tabawa ta biyo ayari da ƙafa har Makka, ta yi hajjinta, ba ta koma ba. Ta kafa 'yar bukka ta buhu da garwa a ƙarshen unguwa, wajen dutse, tana yi wa mutane daka. Kullum kafin Salihu ya zo shago sai ya kai mata ruwa. Ni da na bar ɗaukar ruwa na rantse nawa ba zai ɗauka ba, ga ɗana da garwa a ka yana ratsa kasuwa zuwa bukka. Na hana, ya ci gaba. Na doke shi, ya ci gaba, ya dai canza hanya. Na ce uwarki zai dinga kira Inna. Ya ce to. Har ya bar gidan nan "Hajiya" yake ce mata, da ladabi, yana durƙusawa.

Uwarki ta fi ni hankali. Wata rana da hantsi na shigo ɗaukar dalma, ta ce, "Malam, ɗakin da kake tara garwa ba kowa a ciki sai ɓeraye. A share, matar nan ta dawo ciki."

Na ce, "A ce Garba ya kasa riƙe yaro sai da aka kawo masa mai taya shi?"

Ta ce, "Wa zai ce?"

Na ce, "Kasuwa."

Ta ce, "Kasuwar ce ta goyo shi daga Kano?"

Na fita ban ɗauki dalmar ba.

Shekara biyar muka yi a haka. Ya koyi sana'a, kuma zan faɗa yau tunda ban taɓa faɗa ba: hannunsa ya fi nawa. Liƙinsa kamar an zana da alƙalami. Ban yaba masa ko sau ɗaya ba, ina jira sai ranar da ya daina zuwa bukkar. Shi kuma bai taɓa yi mini rashin kunya ba. Yana ci a gidana, yana kwana a gidana, yana ɗaukarki a kafaɗa ya kai ki kallon raƙuma, amma in ya yi dariya da gaske, daga wajen dutsen nan ake jiyo ta.

Rannan na je bukkar da kaina. Na tsaya daga waje na ce mata ta ci amana. An ba ta ta kawo, ba a ba ta ta mallaka ba. Na ce da gangan ta yi shekara bakwai a hanya don yaro ya manta da masu shi.

Tana daka, ta ajiye taɓaryar. Ta ce, "Ƙanen Asabe, zauna." Ban zauna ba. Ta ce, "Wana ya rasu tun ba mu bar ƙasar Barno da nisa ba, ayari ya wuce ya bar ni da yaro mai gudawa. Na yi daka a garuruwan da ban san sunansu ba. Kaka uku na yi ina tsinkar auduga da shi a baya, a can idon ya tafi. Sau biyu masu hali suna cewa in bar musu shi su sa ni a jirgi. Da ni kaɗai ce, shekara uku ta ishe ni. Kullum in zai kwanta sai na ce masa, kana da uba a Makka, mai sana'a ne, yana jiranka. Ni na sa masa kai a baki. Amma tunda zamana ya hana ka sakewa da ɗanka, zan tashi."

Ta tashi kuwa, ta koma Jidda. Na ce shi ke nan, na huta. Salihu ya yi kwana shida bai ce komai ba. Na ɗauka ya haƙura. Na manta an gaya mini in abu ya kama shi ba ya faɗa, daina magana yake. A rana ta bakwai ya gama liƙe gwangwanayen da ke gabansa, ya goge kayan aiki ya jera su yadda nake so, ya shiga ya durƙusa wa uwarki ya nemi gafara, ya kama hanyar Jidda da ƙafa. Shekararsa goma sha huɗu.

Ke kina da tara. Kika yi ta kuka kina tambayar ina Yaya Sale. Na ce miki butulu ne, wata tsohuwa ce ta shanye shi ta raba shi da mu. Na maimaita miki har kika haddace, kika daina son jin sunansa. Uwani, ƙarya na yi miki. Ba wanda ya raba shi da mu sai ni. Maganar da kika gaya wa Hajiya Kande daga ƙaryar nan ta tsiro, shi ya sa na ce tawa ce. Ki cire ta daga ranki kafin jirgin ya iso.

Ga abin da nake so ki yi, ba umarni ba ne, roƙo ne. In sun sauko, kada ki miƙa hannu wajen yarinyar. Dije za ki fara gaisarwa, ki durƙusa mata kamar yadda za ki yi wa uwarki. Ki zauna a ƙasa, ko rana tana dukanki, duk abin da ta faɗa a kan yarinyar ki saurara har ta gaji don kanta, sannan ki tambaye ta saura. Ku tafi gida ku huɗu. Su kwana ɗaki ɗaya, shimfiɗa ɗaya, yadda suka saba. Duk abin da Hauwa ke kiranta, ta ci gaba da kira. Ke ki dafa, ki yi mata kitso in ta yarda, ki bari ta zo da ƙafarta. Zai yi miki ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Za ta faɗi ta ji rauni ta wuce ki ta tafi wajen waccan, ke kina tsaye da hannu a buɗe. Ki shiga ɗaki ki yi kukanki ki fito. Wata shida ne, shekara ce, ban sani ba, don ni ban taɓa jira na gani ba. Abin da na sani shi ne inda ɗaya hanyar take ƙarewa.

In Dije ta yi hajji ta ce gida za ta koma, ku raka ta har bakin jirgi da yarinyar, ta ga tafiyarta da idonta, kada a ce mata ta je kasuwa. In kuma ta ce zama za ta yi, kuka dawo Makka wurinku ya yi kaɗan, ɗakin garwa yana nan. Na kwashe garwar jiya, na share da kaina, na yi kwana ina tari. Shekara ashirin ke nan da aka ce in share.

A cikin ƙullin za ki ga moɗa biyu, girmansu ɗaya. Ɗaya na Hauwa, ɗaya na Dije. Liƙin bai yi kyau ba, amma ba za su ɗiga ba. Ƙaramin na dā yana wurina, ba wanda ya taɓa shan ruwa da shi.

Saura abu ɗaya. Salihu yana nan Jidda, yana aiki a ƙananan jiragen da ke sauko da alhazai daga manya. Tabawa tana raye a gidansa, idon ya tafi gaba ɗaya, 'ya'yansa ne ke jan ta. Da uwarki ta rasu ya zo, ya yi salla, ya je maƙabarta, ya yi mini gaisuwa a cikin layi kamar kowa. Ni ma na ce "Allah Ya ba da lada" kamar yadda na ce wa kowa. Ina jira ya ƙara wata kalma, wataƙila shi ma yana jira. Layi ya matsa.

Labarin da kuka samu cewa su Hauwa suna Bur Sudan, kin taɓa tambayar ta ina ya zo? Shi ne. Tun da ya ji ƙanwarsa tana jiran yarinya, ba jirgin da ya sauka bai bi mutanensa da tambaya ba. Ya aiko wa Malam Isa ta hannun wani direba. Malam Isa ya ji tsoron gaya miki wanda ya aiko don ya san ba kya son sunan, ni ya gaya wa. Ya san gidan, ki ce ya kai ki. Ba wanda ya san abin da ke cikin ran yarinyar da za ta sauko daga jirgin nan kamar Salihu. Ki tambaye shi, ki ji abin da ni ban tsaya na ji ba.

In kin je, ki ce ina gaishe shi, ina gaida innarsa. Haka za ki faɗa, innarsa, ki ce daga bakina ya fito. Ki ce mata ƙanen Asabe yana neman gafara. Da ina da ƙafar zuwa da na zo, ko kuwa dai ƙafar tana nan, fuskar ce babu. Shi kuma ki gaya masa liƙinsa ya fi nawa, tun yana shekara goma sha biyu. Sannan ki yi masa tambaya ɗaya, duk amsar da ya bayar ki rubuto mini ita yadda take, kada ki gyara. Bahadramen ya mutu, rabin layinmu sun mutu, amma har yau Abu Salihu ake kirana a kasuwa. Ki tambaye shi ko ya yarda in ci gaba da amsawa.

Hannuna ya gaji. Allah Ya kwantar da ruwa, Ya sauko da su lafiya, ita da wadda ta goyo ta. Allah Ya ba ki haƙurin uwarki, Ya raba ki da halina. Allah Ya tsare ku daga zazzaɓin bakin teku da sharrin baki, Ya yi wa Malam Isa albarka, Ya dawo mini da ku ina da sauran numfashi. Allah Ya yi miki albarka, Uwani.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba Samkari, Misfala.